So Hana Ganin Laifi: Me Ya Sa Muke Kare Gem Ko Da Ya Lalace?

Mu 'yan aji biyu ne na ƙaramar sakandare. Abin da ya sa muka ɗauki biro shi ne wani abu da ya faru a ajinmu, wanda har yanzu muke jin kunyarsa.

Makonni uku da suka wuce, lokacin tara, muna zaune a gindin darbejiya muna hirar wani gem na ƙwallon ƙafa da ake bugawa a waya. Kowa ya san dokar makaranta ta hana shigowa da waya. A gida muke bugawa, a wayoyin yayyenmu ko na iyayenmu, washegari mu zo mu ba juna labari. Muna cikin hira sai wani ɗan ajinmu ya ce shi kam ya goge gem ɗin. Ya ce tun da aka sabunta shi yake daskarewa ana tsakiyar wasa, yana zuƙe data, kuma kullum sai ya nuna maka cewa in ba ka sayi kwabbai da kuɗin gaske ba, ba za ka samu ɗan wasa mai kyau ba.

Bai rufe baki ba muka yi masa caa. Wani ya ce, "Kai dai ba ka iya ba ne." Wani ya ce, "Don ana cin ka shi ya sa kake kawo dalili." Sai ɗayanmu ya ce, "Ai wayar gidanku ce tsohuwa, ta talakawa." Aka fashe da dariya. Yaron ya tashi bai ce uffan ba. Daga ranar ya daina zama da mu, shi kaɗai yake cin abincinsa a cikin aji.

Ga gaskiyar da ba mu faɗa ba a ranar: duk abu ukun da ya lissafa, kowannenmu ya gan su da idonsa. Gem ɗin yana daskare mana mu ma. Datarmu ma tana ƙarewa. Amma maimakon mu ce haka ne, sai muka zage shi.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya da ya tsaya yana sauraronmu. Ya ji muna rantsuwa cewa gem ɗin ba shi da matsala ko ɗaya. Ya yi mako guda bai ci komai lokacin tara ba, ya tara kuɗin, ya sayi data, ya sauke gem ɗin a wayar mahaifiyarsa. Gem ɗin ya ƙi buɗewa. Ya zo ya same mu idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Yaya, ba kun ce yana yi ba?" Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu.

Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne: son gem ba laifi ba ne. Laifin shi ne mu ga matsala mu musa ta, sannan mu wulaƙanta wanda ya faɗa. Duk sanda muka yi haka, kamfanin da ya yi gem ɗin ne ke cin riba, mu kuma mu yi asarar kuɗi da aboki.

Ba mu kaɗai ba ne

Da muka kai maganar gaban malamin da ke kula da kulob ɗinmu, ya ce mu fara bincike kafin mu yi rubutu. Abin da muka gano ya ba mu mamaki. Ashe manya ma, a manyan ƙasashe, suna yin irin abin da muka yi, wani lokaci ma fiye.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gem ya san PES. Kamfanin Konami na ƙasar Japan ne yake yin sa. A shekarar 2021 kamfanin ya canza masa suna zuwa eFootball, ya fitar da shi kyauta ranar 30 ga Satumba. Mutane sun daɗe suna jira, amma abin da ya fito ya ba kowa dariya da haushi. Fuskokin Messi da Ronaldo sun karkace. 'Yan wasa suna gudu hannayensu a sandare. Ƙungiyoyi tara kacal za ka iya zaɓa in kana so ka buga da abokinka a gida. A Steam, wato babbar kasuwar da ake sayar da wasannin kwamfuta, waɗanda suka yaba shi a kwanakin farko ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu sharhi ba. Duk da haka an samu masoyan PES da suka riƙa cewa masu sukar duk 'yan FIFA ne masu hassada, kuma tunda kyauta ne babu wanda yake da bakin magana.

Misali na biyu ya fi wannan girma. Sunan gem ɗin Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt Red da ke ƙasar Poland. Na manya ne, an rubuta 18 a jikinsa, ba mu buga shi ba kuma ba ma ba kowa shawarar ya buga a shekarunmu. Labarinsa kawai muke so. An sanar da shi tun 2012, bai fito ba sai ranar 10 ga Disamba 2020, bayan an ɗage ranar fitowarsa sau uku a cikin shekarar. Mutum miliyan 8 ne suka biya kuɗinsa tun kafin ya fito. Da ya fito, a PlayStation 4 da Xbox One sai ya riƙa maƙalewa yana mutuwa, motoci suna tashi sama, mutane suna nutsewa cikin ƙasa.

Kafin ranar fitowar, wata mai sharhi ta ba shi maki 7 cikin 10, ta kuma lissafa matsalolinsa. Mutanen da ko taɓa gem ɗin ba su yi ba suka yi ta zagin ta. Wata 'yar jarida mai lalurar farfaɗiya ta rubuta cewa akwai wani wuri a gem ɗin da fitilu ke walƙiya da sauri, har ciwonta ya tashi tana bugawa. Ta rubuta ne don ta gargaɗi masu irin lalurarta. Wasu da ke kiran kansu masoyan gem ɗin suka riƙa aika mata bidiyo mai walƙiya da gangan. Daga baya kamfanin da kansa ya sa gargaɗi, ya kuma gyara wurin. Wato ita ce mai gaskiya tun farko.

To me ya sa mutum zai yi haka?

Mun zauna mun tambayi kanmu, mun kuma samu dalilai shida. Ba mu kawo su don mu wanke kanmu ba, mun kawo su ne saboda sai an san ciwo ake neman magani.

Na farko, kuɗi. Idan ka hana cikinka abinci ka sayi data ko kwabbai, sannan wani ya ce abin da ka saya bai da kyau, kunnenka ba "gem ɗin bai da kyau" yake ji ba. Abin da yake ji shi ne "an yi maka wayo." Babu mai son a ce an yi masa wayo. Malaminmu ya gaya mana cewa wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka mai suna Leon Festinger ya yi bayanin wannan tun 1957. Ya ce idan abin da mutum ya yi ya ci karo da abin da idonsa ke gani, zuciyarsa ba ta samun sukuni, sai ya nemi hanyar rage damuwar. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ce abin da ya gani ba haka yake ba. Ka ga mutum miliyan 8 da suka biya kafin su gani, kowannensu yana da dalilin da zai so a ce gem ɗin ya yi kyau.

Na biyu, lokaci. Wasunmu sun yi wata da watanni suna gina ƙungiyarsu a gem, suna tara 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. In ka yarda gem ɗin ya lalace, sai ka ji kamar duk waɗannan watannin sun tafi a banza. Sai ka ƙara zuba lokaci don kada na baya ya zama asara, alhali na baya ya riga ya tafi, ko ka ci gaba ko ka bari.

Na uku, dogon jira. Wanda ya yi shekara takwas yana jiran abu, yana kallon tallarsa, yana ba abokansa labari, ya riga ya gina gem ɗin a cikin kansa. Ranar da na gaske ya fito, wanda ke cikin kansa yake karewa.

Na huɗu, ɓangaranci. Mu da muke zuwa gidan kallon ƙwallo mun san wannan. Ɗan Barcelona ba zai yarda an ci su da gaskiya ba, sai ya ce alƙalin wasa ne. Ɗan Madrid ma haka. Mun ɗauko wannan halin mun kai shi gidan gem: 'yan PES a gefe, 'yan FIFA a gefe. FIFA ma ya canza suna ya koma EA Sports FC tun 2023, amma rigimar tana nan. Idan gem ya zama kamar rigar ƙungiya, duk wanda ya soki gem ɗin sai ka ji kamar kai ya zaga. Kuma in abokanka biyar suna karewa, kai na shida ba za ka so ka zama bare ba. Da yawa cikinmu a ranar nan mun yi dariya ne don kada a juyo kanmu.

Na biyar, jin daɗi na gaskiya. Gem yana iya zama mai matsala kuma mai daɗi a lokaci guda. Wani a wannan gem ɗin ya fara cin yayansa. Wani shi ne abin da suke yi da babansa ranar Asabar. In ka ce gem ɗin shara ne, ka taɓa masa wani abu da ya fi gem. Ban da haka, na'ura ma ta bambanta. Cyberpunk ya yi aiki sosai a kwamfuta mai ƙarfi, ya ƙi yi a tsofaffin na'urori. Mai sabuwar waya da ya ce "ni yana yi mini" bai yi ƙarya ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauka wanda ya ce "ni ba ya yi mini" maƙaryaci ne.

Na shida, tsoro, kuma wannan namu ne mu yara. A gida da makaranta kullum muna jin ana cewa gem ɓata lokaci ne, gem ne yake sa a faɗi jarrabawa. Saboda haka mun saba da tsayawa kamar masu gadi. Muna tsoron in muka ce gem ɗin nan yana da matsala, babba zai ce, "To ba na faɗa ba? Kawo wayar." Sai muka koyi ɓoye laifin kowane gem, har a tsakaninmu.

Masu karewa ma suna da hujja

Ba za mu yi adalci ba in ba mu kawo maganar ɗaya ɓangaren ba, musamman da yake mu ma a can muke kwanan nan.

Suna cewa yin gem aiki ne mai wuya, kuma mutane ne suke yin sa. Haka ne. A watannin ƙarshe kafin Cyberpunk ya fito, an sa ma'aikatan kamfanin yin aiki kwana shida a mako. Da aka ɗage ranar fitowa a karo na ƙarshe, wasu sun aika wa ma'aikatan barazanar kisa. Wannan mugunta ce, kuma babu wani gem da ya kai a tsoratar da ran mutum a kansa. Amma mu lura, ba mai zanen mota ko mai haɗa sauti ne yake yanke ranar da za a fara sayarwa ba. Shugabannin kamfani ne. A watan Janairu 2021 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Marcin Iwinski, ya fito a bidiyo ya ba da haƙuri, ya ce a ɗora laifin a kan shugabanni, kada a ɗora wa ma'aikata. To in shi mai kamfani ya yarda akwai laifi, mu da ba mu da ko sisi a kamfanin me ya kai mu musu?

Suna kuma cewa a yi haƙuri, za a gyara. Wani lokaci ana gyarawa. No Man's Sky wani gem ne na yawo a sararin samaniya, wanda wani ƙaramin kamfani a garin Guildford na Ingila ya fitar a watan Agusta 2016. Abubuwa da yawa da mutane suka sa rai ba su cikinsa, har da haɗuwa da sauran 'yan wasa. Kamfanin ya duƙufa yana ta gyara, a watan Yuli 2018 ya sa wasan haɗaka, kuma duk ƙarin da ya yi kyauta ya ba da shi. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix ya fito a 2010 a lalace, kamfanin ya ba da haƙuri, ya rufe shi a 2012, ya sake gina shi ya fitar a 2013, ya kuma zama ɗaya daga cikin shahararrun wasanni. Cyberpunk ɗin ma an gyara shi, har ya ci kyauta a 2023 saboda ci gaban da ya samu.

Amma mu tambayi kanmu, me ya sa aka gyara su? Da a ce kowa ya tafa ya ce babu matsala, wane kamfani ne zai kashe kuɗi da shekaru yana gyaran abin da aka ce lafiyarsa ƙalau? Waɗanda suka nuna matsala su ne suka jawo gyaran da masu karewa suke alfahari da shi yanzu. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Hujjarsu ta uku ita ce wasu masu suka ma ba su da kirki. Wannan ma gaskiya ne. Akwai wanda bai taɓa buga gem ba amma zai zo yana yi maka dariya don kana son sa. Akwai wanda jin daɗinsa shi ne ya ɓata wa wani rai. Wannan shi da mai zagin masu suka duk hali ɗaya ne, sun dai zauna a benci daban-daban.

Abin da magana ta gyara

Idan masu buga gem suka haɗa baki suka faɗi matsala a fili, ana jin su. Ga misalai.

Bayan kimanin mako ɗaya da fitowar Cyberpunk, kamfanin Sony ya cire shi daga kasuwar PlayStation, ya kuma ce zai mayar wa duk mai so kuɗinsa. Gem ɗin bai koma kasuwar ba sai watan Yuni 2021. Konami ya ba da haƙuri kwana ɗaya bayan fitowar eFootball, ya soke wani ƙunshin 'yan wasa da ya riga ya fara karɓar kuɗinsa, ya mayar wa mutane, sannan ya fitar da gyararren gem ɗin a watan Afrilu 2022.

A watan Nuwamba 2017 kamfanin EA ya shirya fitar da Star Wars Battlefront II. Waɗanda suka fara gwada shi suka lissafa cewa sai ka yi kusan awa 40 kana bugawa kafin ka buɗe jarumi ɗaya irin su Darth Vader, ko kuma ka sayi akwatunan sa'a da kuɗi, waɗanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Mutane suka yi ta ƙorafi. EA ya rage tsadar jaruman da kashi 75 cikin 100, sannan ana gobe gem ɗin zai fito ya dakatar da saye da kuɗin gaske. Maganar ta kai kunnen hukumomi. A watan Afrilu 2018 hukumar da ke kula da caca a ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan da ake saye da kuɗi caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar.

A Steam kuwa, tun 2015 akwai doka cewa in ka sayi gem, ba ka buga shi ya wuce awa biyu ba, kuma ba a yi kwana 14 ba, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya samu saboda an yi shiru. Kuma babu wanda ya samu saboda an zagi wani. Hujja da yawan baki ne suka yi aiki.

Abin da za mu yi a nan makarantar

Mu ba miliyoyi ba ne, kuma Konami bai san da zamanmu ba. Amma muna da ajinmu, da unguwarmu, da wannan allon da kuke karantawa. Ga abin da muke ba da shawara.

Ɗaya, mu raba matsala da ra'ayi. "Gem ɗin yana daskarewa a minti na saba'in" matsala ce, ana iya gwadawa a gani. "Ni na fi son PES a kan FIFA" ra'ayi ne, kowa da nasa, kamar mai son tuwo da mai son shinkafa. A kan matsala a ɗauko waya a gida a gwada, gani ya kori ji. A kan ra'ayi kuwa babu abin faɗa.

Biyu, in wani ya ce gem ba ya yi masa, tambayar farko ita ce, "A wace waya ka gwada? A ina yake tsayawa?" Ba "ba ka iya ba" ba. Kuma daga yau mu ɗauki zagin wayar gidan wani a matsayin zagin iyayensa, domin su suka saya da abin da suke da shi.

Uku, in kai ne mai suka, ka fara da abin da ya yi kyau. Ka ce, "Bugun tazarar gem ɗin nan yana da daɗi, amma yana cinye data." Abokinka zai fi saurarenka in ya ga ba ka zo don ka mai da shi wawa ba. Kuma ka yi masa magana ku biyu. Mutum ba ya sauka daga ra'ayinsa a gaban taro, mun gwada a kanmu mun gani.

Huɗu, mu koyi cewa, "Ina son sa, amma yana da matsala." Wannan jimlar ba ta rage wa kowa komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya fi kowa buga gem shi ya kamata ya fi kowa sanin laifinsa.

Biyar, kada mu biya kafin mu gani. In sabon gem ya fito ko an sabunta tsoho, a jira mako ɗaya ko biyu, a ji daga waɗanda suka gwada a irin wayarmu. Kafin a sauke kuma a karanta abin da aka rubuta a Play Store: girmansa, shekarun da aka yarda a buga shi, ko 3+ ne, ko 7+, ko 12+, ko 16+, ko 18+, da kuma ko ana sayar da abubuwa a cikinsa. Duk gem ɗin da ya ce ka biya ka gwada sa'arka, ka bar shi, domin wata ƙasa ma ta kira wannan caca.

Shida, kulob ɗinmu zai buɗe wani ɗan fili a wannan allon sau ɗaya a wata. Duk mai son yin sharhin gem zai amsa tambayoyi biyar a takarda ɗaya: a wace irin waya ko na'ura ya gwada, data nawa ya ci, yana yi ba tare da intanet ba, yana neman kuɗi a ciki, sannan abu biyu masu kyau da abu biyu marasa kyau. Takardar da ba ta da marasa kyau ba za mu liƙa ba, wadda ba ta da masu kyau ma haka. Wadda aka zagi wani a ciki kuwa kwandon shara za ta.

Bakwai, roƙo ga yayyenmu 'yan babbar sakandare. Abin da kuka ce shi ƙanana suke ɗauka. In kun san gem ba zai yi a ƙaramar waya ba, ku faɗa musu tun kafin su kashe kuɗin tara. Mu ma mun zama yayyen wasu, kuma kun ga abin da bakinmu ya jawo.

Takwas, roƙo ga malamanmu da iyayenmu. Mun san kuna tsoron gem ya cinye mana lokacin karatu, kuma tsoronku yana da dalili, domin akwai cikinmu waɗanda suka yi barci a aji saboda wasan dare. Ku sa mana iyaka, za mu bi. Amma in muka zo muka ce gem ya cinye mana kuɗi, ko wani ya zage mu a ciki, don Allah ku saurare mu kafin ku ƙwace wayar. In muka san faɗin gaskiya ba zai jawo mana hukunci ba, za mu riƙa faɗa da wuri, tun asarar tana ƙarama.

A ƙarshe, ga inda maganarmu ta tsaya. Ranar Litinin da ta wuce mu biyar muka shiga aji lokacin tara muka sami ɗan ajinmu. Muka ce masa abin da ya faɗa gaskiya ne, mu ma yana daskare mana. Wanda ya yi maganar waya ya ba shi haƙuri da bakinsa. Bai ce ya huce ba, ya dai ce ya ji, kuma har yanzu bai dawo gindin darbejiya ba. Ba mu ga laifinsa ba. Ƙanenmu ɗan aji ɗaya kuma mun yi karo-karo mun mayar masa da kuɗinsa, sai dai yunwar mako guda da ya sha ba mu da yadda za mu mayar masa.

Wasunmu har yanzu suna buga gem ɗin, wasu sun goge. Akwatin karɓar sharhi yana ofishin kulob, kusa da ɗakin karatu, kuma za mu buɗe shi ranar Juma'ar ƙarshen wata. Mun roƙi ɗan ajin namu ya rubuta na farko. Ya ce zai yi tunani.



Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida